Da Aka Haɗa Hotunan Ƙwaƙwalwa Wuri Guda

A shekarar 1976, a asibitin Northwick Park da ke gefen birnin Landan, wata matashiyar likita mai suna Eve Johnstone da abokan aikinta, ciki har da Tim Crow, suka saka majinyata 17 cikin na'urar ɗaukar hoto ta CT, wadda a lokacin sabuwa ce fil. Dukkansu sun daɗe suna fama da sikizofiriniya, wato nau'in taɓin hankalin nan da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, ko ya kafe a kan abin da ba shi da tushe. Da aka gwada hotunansu da na masu lafiya, sai aka ga guraben ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi faɗi. Mujallar Lancet ta buga sakamakon, likitoci da yawa kuwa suka ɗauka gari ya waye. Tunda ana iya ganin alamar ciwon da ido, ai nan ba da jimawa ba za a riƙa gano taɓin hankali da hoto kamar yadda ake gano karaya.

Shekara kusan 50 ke nan, kuma har yau babu asibitin da ke gano sikizofiriniya ko ciwon damuwa mai tsanani da hoton ƙwaƙwalwa. Likita zama yake yi da majinyaci da danginsa, ya yi tambaya, ya saurara, ya yanke hukunci. Na'urori sun canja. An samu MRI, mai amfani da maganaɗisu, wadda ke nuna siffar ƙwaƙwalwa dalla-dalla. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna cewa ana iya bin sawun iskar da ke cikin jini a gane sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, daga nan aka samu abin da ake kira fMRI. An buga dubban maƙaloli. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke rayuwa da wani nau'i na ciwon tunani, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas. Thomas Insel, wanda ya shugabanci cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka daga 2002 zuwa 2015, ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa a zamaninsa an kashe kimanin dala biliyan 20, an rubuta maƙaloli masu ban sha'awa, amma bai ga abin ya rage kisan kai ko kwanciya asibiti ba.

Ina gizo ke saƙar? Babban ɓangaren amsar bai fito fili ba sai da cibiyoyin bincike suka yarda suka buɗe wa juna ma'ajiyarsu.

Mutum 25 a kowane ɗaki

Sa'a guda a cikin na'urar MRI ta bincike kan ci ɗaruruwan daloli. Ga wahalar samun majinyacin da zai yarda ya kwanta cikin ƙuntataccen bututu mai ƙara, ba motsi, ba tari. Saboda haka abin da aka saba shi ne mai bincike ya tara majinyata 20 da ɗoriya, ya samo masu lafiya kamar haka, ya kwatanta, ya buga. Kowace jami'a da nata ɗan garken, kowa kuma yana riƙe da hotunansa a kwamfutar ɗakinsa.

Illar wannan tana cikin lissafi. Hoton ƙwaƙwalwa ɗaya kwamfuta kan yanka shi gida dubbai, ta gwada kowane gida daban. Idan ka yi gwaji dubu hamsin a kan mutane kaɗan, dole wasu su nuna bambanci ko da babu komai, don dace kawai. Craig Bennett da abokansa sun nuna haka a 2009 ta hanyar da ba a mantawa: sun saka mataccen kifi cikin na'ura, suka yi lissafin ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga wasu ɗigo-ɗigo a kansa suna nuna alamar aiki. A 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka auna ƙarfin binciken da ake bugawa. A nazarce-nazarcen da ke auna girman sassan ƙwaƙwalwa da MRI, sun samu cewa matsakaicin bincike damar da yake da ita ta gano bambancin da ke akwai da gaske kashi 8 ce kacal cikin 100. Mujallu kuma sun fi son wanda ya ce ya gano wani abu a kan wanda ya ce ya duba bai ga komai ba. Sai rumbun ilimi ya cika da sakamako masu karo da juna: wannan ya ce sashe kaza ya ƙanƙance a masu ciwon damuwa, wancan ya ce ya kumbura, na uku ya ce bai motsa ba.

Maganin a bayyane yake, wato a haɗa. Amma da aka fara gwadawa sai da aka ta da jijiyar wuya. A wajajen 2000 Michael Gazzaniga ya kafa ma'ajiyar hotunan fMRI a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, ya kuma gindaya sharaɗi a mujallar da yake jagoranta cewa duk mai son a buga masa aiki sai ya ajiye ɗanyen bayanansa a can. Masana da dama suka sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa. Wasu sun kawo hujjar sirrin majinyata, wasu sun ce wanda bai san yadda aka ɗauki hoton ba zai yi masa gurguwar fassara. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: mutum ya shekara uku yana tara bayanai, ba ya son wani ya riga shi cin moriyarsu. Bayan 'yan shekaru kuɗin ma'ajiyar ya ƙare. Ban ga laifin masu tsoron gaba ɗaya ba, domin a jami'a da maƙala ake samun ƙarin girma, ba da kyautar bayanai ba. Sai dai majinyacin da ya ba da lokacinsa ya kwanta a na'ura ba don ƙarin girman wani ya yi ba.

Hanyoyi biyu da aka buɗe a 2009

Abin da ya sauƙaƙa lamarin wani bincike ne da Bharat Biswal ya yi tun 1995 a Milwaukee. Ya lura cewa ko mutum na kwance ba ya yin komai, sassan ƙwaƙwalwarsa da ke aiki tare suna hawa da sauka a tare. Ɗaukar irin wannan hoton ba ya bukatar wani shiri na musamman, minti biyar zuwa goma ya isa, kuma wanda aka ɗauka a Beijing ya yi kama da wanda aka ɗauka a New York. A watan Disamba na 2009 Biswal da Michael Milham da wasu suka saki hotunan mutum sama da 1,200 daga cibiyoyi fiye da 30 a intanet, kowa ya sauke kyauta. Bayansa aka saki ADHD-200, na yara masu matsalar rashin natsuwa, sai ABIDE a 2012, mai ɗauke da mutum 1,112 daga cibiyoyi 17, kusan rabinsu masu otizim.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙungiyar ENIGMA, wadda Paul Thompson da abokansa suka kafa ita ma a 2009. Dabararsu ita ce kada hoto ya bar gidansa. Ana aika wa kowace cibiya tsarin aiki iri ɗaya, ta auna hotunanta da manhaja iri ɗaya, ta turo jadawalin alƙaluma kawai, sannan a haɗa lissafin. Wanda dokar ƙasarsa ta hana shi fitar da hoton majinyaci, da wanda ke tsoron a ƙwace masa aiki, duk sun samu hanyar shiga, kuma sunan kowa na fitowa a maƙalar. Yanzu masana daga ƙasashe sama da 40 ne a ciki.

Ga abin da suka gani. A 2016 rukunin da Theo van Erp ya jagoranta ya haɗa masu sikizofiriniya 2,028 da masu lafiya 2,540 daga cibiyoyi 15. Guraben ruwan nan da Johnstone ta gani a mutum 17 sun tabbata sun fi faɗi, sashen hifokamfus kuwa, wanda ke da hannu wajen ajiye abin da mutum ya gani ya ji, ya fi ƙanƙanta. A ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi ƙasan damuwa, an ga ɓawon ƙwaƙwalwa ya ɗan sirance, amma masu shan maganin litiyam nasu ya fi kauri. A ciwon damuwa, Lianne Schmaal da abokan aikinta sun haɗa majinyata 1,728 da masu lafiya 7,199. Hifokamfus ya fi ƙanƙanta a majinyatan, amma da kashi 1.24 cikin 100 kawai. Da aka raba su, sai aka ga bambancin ya taru ne a wurin waɗanda ciwon ya sha dawo musu. Waɗanda karon farko ne ya same su, nasu bai bambanta da na masu lafiya ba. Wannan ya ba da ƙarfi ga masu cewa ƙanƙancewar tana iya zama abin da ciwon ya haifar bayan doguwar jinya, ba abin da ya haifar da ciwon ba, ko da yake hoton rana ɗaya ba zai iya raba wannan gardama ba.

A Sin ma an yi irin haka. Chao-Gan Yan ya haɗa kan rukunonin bincike 25, suka tara masu ciwon damuwa 1,300 da masu lafiya 1,128. Ƙananan nazarce-nazarce da yawa sun daɗe suna cewa hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwar da ke aiki lokacin da mutum ya shiga tunanin kansa sun fi ƙarfi a masu ciwon. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna akasin haka: sun fi rauni, musamman a waɗanda ciwon ke dawo wa.

Abin da ya tonu

Ni a ganina babbar ribar haɗa bayanai zuwa yanzu ba sabon magani ba ne. Ribar ita ce an samu abin da za a gwada da'awa da shi, kuma da'awoyi da yawa ba su tsallake ba.

A gasar ADHD-200 ta 2011 an ba masana hotunan yara, aka ce kowa ya horar da kwamfuta ta gane mai ciwon. Rukunin Jami'ar Alberta ta Kanada ya ajiye hotunan gefe, ya yi amfani da shekarun yaro, da jinsinsa, da hannun da yake rubutu da shi, da makin gwajin basirarsa. Sun fi duk waɗanda suka yi aiki da hotunan yawan maki. A 2017 wata maƙala a mujallar Nature Medicine ta ce an gano nau'o'in ciwon damuwa huɗu ta hanyar fMRI, har ana iya hasashen wanda wani magani zai yi wa aiki. Labarin ya zaga duniya. Bayan shekara biyu Richard Dinga da abokansa a Holand suka bi sawun lissafin da nasu majinyatan, ba su samu tabbacin rukunonin ba. A Jamus, Nils Winter da abokan aikinsa sun auna mutum kusan 1,800 ta kowace fuskar da na'ura ke iya aunawa, suka buga a 2022 cewa ma'aunin masu ciwon damuwa da na masu lafiya sun hau kan juna da kashi 87 zuwa 95 cikin 100. Wanda aka ba hoto ɗaya aka ce ya faɗi na wane ne, da kaɗan zai fi mai canke.

Kayan aikin ma ba su tsira ba. Anders Eklund na Suwidin da Thomas Nichols da Hans Knutsson sun ɗauko hotunan masu lafiya 499 daga cikin waɗanda aka saki kyauta, suka riƙa raba su gida biyu barkatai suna tambayar manhajojin da kowa ke amfani da su ko akwai bambanci. Tunda babu, kamata ya yi manhaja ta yi kuskure sau 5 cikin 100. A wasu saituttukan kuskuren ya kai 70. Sun kuma ci karo da wata ɓaraka da ta shekara 15 a cikin ɗaya daga manhajojin. A 2020 aka ba rukunoni 70 bayanai iri ɗaya, waɗanda aka ɗauka a Jami'ar Tel Aviv, aka ce su amsa tambayoyi tara. Ba a samu rukuni biyu da suka bi hanya ɗaya ba, kuma a yawancin tambayoyin kansu ya rabu.

Sai kuma watan Maris na 2022, lokacin da Scott Marek da Brenden Tervo-Clemmens da abokansu suka buga a mujallar Nature. Sun haɗa manyan ma'ajiyoyi uku: ABCD, mai bin yaran Amurka 11,800 da ɗoriya tun suna shekara 9 zuwa 10 a cibiyoyi 21; Human Connectome Project, mai matasa kusan 1,200; da UK Biobank ta Birtaniya. Jimilla mutum kusan 50,000. Suka riƙa ɗibar 25, da 100, da 1,000, suna duba alaƙar siffar ƙwaƙwalwa da basira ko alamun ciwon tunani. A kan mutum 25, wanda shi ne matsakaicin adadin da aka saba bugawa, ɗiba biyu daga tukunya ɗaya kan ba da amsoshi masu kishiyantar juna. Sai an kai dubbai abin ke tsayawa, kuma idan ya tsaya alaƙar 'yar ƙarama ce. Wasu masana sun mayar da martani cewa da dabarun lissafi masu duba ƙwaƙwalwa baki ɗaya ɗaruruwa ma kan isa, kuma maganar ba ta shafi binciken da ke bin mutum ɗaya ana ɗaukarsa sau da yawa ba. Suna da gaskiya a nan. Amma babu wanda ya sake tsayawa ya kare zamanin mutum 25.

A nan zan ɗan tsaya saboda masu jinya. A asibitocinmu na ƙwaƙwalwa dangi kan ce, "Likita, ba za a yi masa hoton kai ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma akwai lokacin da amsarta e ce: idan ana zargin ƙari a ƙwaƙwalwa, ko bugun jini, ko rauni bayan haɗari, ko wasu nau'o'in farfaɗiya, ko ruɗewar da ta zo wa dattijo farat ɗaya. Hoton yana kore waɗannan ne ko ya tabbatar da su. Idan ya fito babu komai, ba yana nufin mutum lafiyarsa lau ba, ba kuma yana nufin ciwon ba na asibiti ba ne. Duk wanda ya karɓi kuɗin iyali da alƙawarin zai nuna musu ciwon damuwa a hoto, ya yi alƙawarin abin da hotunan mutum dubbai ba su iya nunawa ba.

Na'ura da na'ura

Haɗa hotuna ba tara su wuri guda ba ne kawai. Siemens da GE da Philips kowa da irin na'urarsa, wata ƙarfin maganaɗisunta tesla 1.5, wata 3, kuma ko sabunta manhajar na'ura ɗaya kan sauya awon. Mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma wanda ya haɗa lissafi bai daidaita mudun ba zai ga riba ko asarar da babu ita. Masana a Japan sun auna girman matsalar ta hanya mai wahala: suka ɗauki mutum tara masu lafiya suka zaga da su cibiyoyi 12, ana ɗaukar su a kowace. Abin da suka buga a 2019 shi ne bambancin da wurin ɗauka ke jawowa ya kai, ko ma ya fi, bambancin da ciwon kansa ke jawowa. Dabarar da aka fi amfani da ita wajen gyara, mai suna ComBat, aro ta aka yi daga masu binciken ƙwayoyin gado, waɗanda suka ƙirƙiro ta a 2007. Tana aiki, amma tana da tarko. Idan wata cibiya majinyatanta sun fi tsufa ko sun fi jin jiki, mai goge bambancin cibiya yana iya gogewa har da na ciwon.

Akwai ma abin da ya fi wannan ƙanƙanta a ido amma ya cinye shekarun ɗalibai: sunan fayil. Kowane ɗakin bincike da yadda yake jera nasa, wani lokaci wanda ya jera ya kammala karatu ya tafi. A 2016 Krzysztof Gorgolewski da Russell Poldrack da wasu suka fitar da tsari ɗaya mai suna BIDS, wanda ma'ajiyar OpenNeuro ke bi. Tun Janairun 2023 kuma hukumar NIH ta Amurka ta wajabta wa duk mai neman kuɗinta ya bayyana yadda zai adana bayanansa ya kuma raba su.

Amma ɓangaren da na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi shi ne awon ciwon kansa. Mutum biyu na iya ɗaukar sunan ciwon damuwa ɗaya, ɗaya ba ya barci ba ya cin abinci, ɗaya kuwa barci da ci ne suka yi masa yawa. Likitan wata ƙasa na iya kiran abu da sunan da na wata ba zai kira shi ba. Wannan tsohon darasi ne, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka koyar da shi. A ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara nazarin sikizofiriniya a cibiyoyi tara, ciki har da Ibadan, da Agra ta Indiya, da Mosko, da Washington, da majinyata 1,202. An horar da likitocin su yi tambayoyi iri ɗaya. Sai aka gano cewa a Mosko da Washington ana faɗaɗa sunan ciwon fiye da sauran wurare, aka kuma ga majinyatan Ibadan da Agra sun fi samun sauƙi a shekarun da suka biyo baya, abin da har yau ake muhawara a kan dalilinsa. Babu na'urar hoto ko ɗaya a wannan aikin.

Fuskar da ke cikin hoton

Hoton MRI na kai ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗauka ba, har da hanci da leɓe da kumatu. A 2019 masana a asibitin Mayo na Amurka suka sake gina fuskokin mutum 84 daga hotunansu, suka ba manhajar gane fuska. Ta gano 70 daga ciki. Shi ya sa ma'ajiyoyi ke aske fuska daga hoto kafin su sake shi, ko da yake askewar kan ɗan taɓa awon. Emily Finn da abokanta a Jami'ar Yale sun riga sun nuna a 2015 cewa tsarin sadarwar ƙwaƙwalwar kowa nasa ne shi kaɗai, har ana iya gane hoton mutum na yau daga na jiya a cikin mutum 126.

A inda jin cewa wani ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa kan fasa aure, ba nasa kaɗai ba har na ƙannensa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tarayyar Turai ta tsaurara dokar kare bayanai a 2018, Najeriya ta yi tata a 2023. Vince Calhoun da abokansa sun gina wani tsari mai suna COINSTAC, inda lissafi ne ke zuwa wurin bayanai ya dawo da amsa, hoton yana nan inda yake. Duk da haka doka da manhaja ba sa maye gurbin yardar mutum. Jama'ar Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya a kan ko iyaye sun san abin da ake yi. Duk mai son ɗaukar hoton majinyaci ya saka a ma'ajiyar duniya, wajibi ne ya yi masa bayani da harshen da yake ji: ina hoton zai je, wa zai gani, kuma idan ya riga ya bazu ba ya kiranyuwa. Wanda ciwo ya ruɗa a ranar, a jira ya dawo hayyacinsa.

Waɗanda ba sa ciki

A watan Yulin 2025 UK Biobank ta sanar da cewa ta ɗauki hoton mutum na 100,000. Aiki ne babba. Sai dai mutanenta 'yan Birtaniya ne da aka ɗiba suna shekara 40 zuwa 69, fiye da kashi 90 cikin 100 fararen fata, kuma sun fi sauran jama'ar ƙasarsu lafiya da wadata. A 2022 Richard Bethlehem da Jakob Seidlitz suka haɗa hotuna 123,984 na mutum 101,457, daga ɗan tayi zuwa ɗan shekara 100, suka zana jadawalin girman ƙwaƙwalwa irin wanda ake auna nauyin jarirai da shi. Su da kansu sun rubuta cewa yawancin mutanen daga Turai da Arewacin Amurka suke. A wannan shekarar Jingwei Li da Thomas Yeo da abokansu suka nuna cewa lissafin da aka horar a kan bayanan Amurka ya fi yin kuskure a kan baƙaƙen fatar ƙasar. Idan haka ta faru a cikin ƙasa ɗaya, me ake tsammani ran da aka ɗora ɗan Gusau ko Maraɗi a kan wannan jadawalin?

Ba batun launin fata ba ne kawai. Ƙwaƙwalwa tana girma ne a cikin abin da ya same ta. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai, da tamowa, da ciwon sikila wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu shi kuma yakan bar ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da an sani ba, da gubar dalma irin wadda ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da lahani: waɗannan ba su da yawa a ma'ajiyoyin Turai. Ilimin da za a samu daga nan ba namu kaɗai zai amfana ba.

Abin da ya hana a samu wannan ilimin shi ne ƙarancin na'ura. Binciken da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma baki ɗaya, ga jama'a sama da miliyan 370. Guda 58 a Najeriya suke, kuma yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. Babbar na'ura tana bukatar lantarki marar yankewa, da iskar hiliyam mai sanyaya maganaɗisu, da injiniyan da zai zo idan ta tsaya. Waɗanda ke aiki kuma layin marasa lafiya ya ishe su. A nahiyar, jami'o'in Afirka ta Kudu, musamman Cape Town da Stellenbosch, su ne suka fi fitowa a ayyukan ENIGMA.

An fara motsi. Eberechi Wogu ta Jami'ar Fatakwal da abokan aikinta sun tattaro hotunan 'yan Najeriya 88 daga asibitoci, na masu lafiya da masu ciwon mantuwa da masu ciwon Parkinson, suka cire alamun shaida, suka jera su bisa tsarin duniya, suka sake su. Adadin kaɗan ne, kuma ba na taɓin hankali ba ne, amma ya nuna hoton da aka ɗauka don jinya ba dole ya ƙare a faifan da majinyaci ya tafi da shi gida ba. Akwai kuma ƙaramar na'urar kamfanin Hyperfine, mai ƙarfin tesla 0.064, wadda ake turawa a kan taya a jona ta a soket na bango. Hukumomin Amurka sun amince da ita a 2020, an yi aiki da ita a asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a Malawi, kuma shirin UNITY da Gidauniyar Gates ke ɗaukar nauyi yana amfani da ita wajen bin girman ƙwaƙwalwar yara a Afirka da Kudancin Asiya. Hotonta bai kai na babbar na'ura fitowa ba, don haka a wasu cibiyoyin ana ɗaukar yaro ɗaya a na'urorin biyu domin a koyi daidaita awon.

Sharaɗin shiga shi ne abin da ya kamata a yi ciniki a kansa tun yanzu. Masu binciken ƙwayoyin gado na shirin H3Africa sun kafa ƙa'idar cewa waɗanda suka tara bayanai a Afirka suna da wa'adin da za su fara nazarinsu kafin a buɗe wa kowa, saboda ɗakin bincike mai manyan kwamfutoci a waje zai iya gama cikin mako abin da zai ɗauki mai fama da janareta shekara. Masu hoton ƙwaƙwalwa suna bukatar irin wannan a rubuce, tare da horar da waɗanda za su yi lissafin a gida. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau kuma suna riƙe da rabin da manyan ma'ajiyoyi suka fi rauni a kansa: majinyatan da ake gani shekara da shekaru, da likitocin da ke jin abin da mutum ke nufi idan ya ce zuciyarsa ta yi nauyi ko kansa na yi masa zafi. Rubuta wannan bisa tsari ɗaya a duk asibitocin, da yardar majinyata, ba ya jiran hiliyam, kuma shi ne abin da za a ɗora kowane hoto a kansa idan an samu na'urar.